Tulun Iya Barira

Iya Barira ba ta yarda da buhu ba, ba ta yarda da maganin ƙwari ba, kuma a gaskiya ba ta cika yarda da mutane ba. Shekara arba'in tana noman shinkafa a fadamar ƙauyenmu, gabas da Hadejia. Irin da take shukawa na marigayi mijinta ne, wata jar shinkafa mai dogon kara wadda ruwa ba ya shanye kanta, kuma yanzu babu mai ita sai Iya. Duk kaka sai ta ware irin shuka ta zuba a tulu, ta cika samansa da toka saboda ƙwari, ta liƙe bakin da laka. Mu maƙwabta har tsokanarta muke yi, wai da tulun take hira.

Bana kogi ya cika ya tumbatsa. Karan da ta kafa a gaɓa don awon ruwa ya nutse cikin kwana biyu, mai unguwa ya ce kowa ya koma tudu.

Ranar tashi hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta ɗaure tabarmi ta kwance, ta sake ɗaurewa. Kwanuka a turmi, kaji a kwando, ruwa kuwa har ya shigo zaure. Modu mai kwalekwale ya ce sawu biyu kawai zai yi, a rage nauyi. Mijin 'yarta, Shu'ibu, tela ne ɗan birni da bai taɓa riƙe fartanya ba, shi ya lallaɓa ta ta bi sawun farko, zai taho da sauran kayan. Ta so ta yi masa kashedi kan tulun, kunyar suruki ta sa ta ce kawai kada a bar komai.

A tudu ta ƙi zama. Da kwalekwalen ya dawo ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambayi Modu ina tulun, ba surukin ba.

Shu'ibu ya durƙusa. "Iya, na fasa bakin na ga toka ce, sai na bar shi a tsakar gida."

Sannu da aiki kawai ta ce masa. Ta juya baya ta kwance haɓar zanenta, na hango jar shinkafa, tafi ɗaya tak. Ta sake ƙullewa da kyau, ta ɗaga kai tana duban hadarin da ke haɗowa, ta tura ƙullin cikin rigarta.