Irin geron da aka ba Kawu

Shekarar da nake koyar da adabi a wata sakandare a Daura, akwai wani tsohon gajeren labari na ramuwar gayya da nake ji da shi. Nakan tsaya gaban allo ina nuna wa ɗalibai yadda marubucin ya baza alamu tun shafin farko: mai ƙullin sai fara'a yake, wanda za a cuta kuma sai godiya. Har nakan ce duk mai ido ya ga abin da ke tafe.

Daf da saukar damina na je Sandamu gaida kawuna. Manomi ne na gaske, sai dai bakinsa ba linzami. Ya taɓa ce wa maƙwabcinsa, a tsakiyar majalisa, geronsa ko tsuntsu ya gani sai ya yi masa jaje. Aka yi dariya, har da maƙwabcin.

Ina zaune maƙwabcin nan ya shigo da buhu a kafaɗa.

"Yaya, ga iri na samo daga Mashi. Na ce hannunka ya fi dacewa da shi."

"Ashe dai ka fara hankali," in ji Kawu.

"Babbar gonar za ka sa shi, Yaya. Kar ka gauraya da naka."

A wajenmu ba a gwada irin kyauta a gaban mai shi, ba a ko shinshina shi. Cin fuska ne. Kawu ya sa albarka, nasa irin kuma ya ba iyali aka yi fura. Ranar shuka maƙwabcin ya zo da sungumi ya taya shi, har da waƙa.

Da na koma Sandamu bayan 'yan makonni, gonakin kowa sun yi kore shar, ta Kawu ƙasa ce zalla. A gabana ya tona rami, ya tsinto ƙwaya, ya sa a haƙori. Sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Soyayye ne," ya ce. "A yashi ya soya shi."

Cimar gida guda ta shekara, mutum ya zauna ya juya ta a kasko, sannu a hankali don kar launi ya tona shi.

Lokacin gero ya riga ya wuce. Kawu ya tofar, ya ce in je kasuwa in nemo masa irin wake, kuma in tauna kafin a auna.