Itatuwa Biyu a Ƙofar Baba Wahabu

A lungunmu na Zangon Kumasi, idan baƙo ya tambayi gidan su Baba Wahabu ba a wahalar kwatance. Ce masa ake yi ya miƙe har ya ga itatuwa biyu marasa amfani. Ni tela ne, sunana Rafiu, shagona yana kallon ƙofar gidan, kuma ba zan ɓoye ba, da bakina aka raɗa masu wannan suna.

Shekara talatin da takwas Baba Wahabu ya yi yana aikin lambu a gidan wani likita a Nhyiaeso, unguwar manya. Da likitan ya rasu aka sayar da gidan, sai ya dawo ɗakinsa a gidan gado ya zauna. Matarsa Mamuna ta riga mu gidan gaskiya, 'yarsu tilo Hidaya tana aure a Italiya. Gidan nan mutum ya kai arba'in a cikinsa, amma ban taɓa ganin wanda ya rasa abokin hira kamarsa ba. Mu hirarmu ƙwallo ce da siyasa, shi kuwa in ya buɗe baki sai zancen saiwa da taki. Kafin ya kai ƙarshe kowa ya tuna da wani aiki.

Ranar da ya je sayen itatuwan tsautsayi ya sa na raka shi. A bakin titin Accra ne, inda ake jera shuke-shuke cikin baƙar leda. Na ɗauka minti goma za mu yi, sai da muka ci awa biyu. Na nuna masa mafi tsawo, ko kallonsa bai yi ba. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗaga su, ya leƙa gindin ledar ya ga ko saiwa ta fasa ta ko ta nannaɗe, ya buɗa ganye yana neman fararen ƙwari, sannan ya ja baya ya ƙura wa tsinin sama ido. Mai sayarwa ta gaji ta koma kan kujerarta tana mita da yaren Twi.

"Mai kai ɗaya ake nema, Rafiu," in ji shi. "Wannan itace da kai yake tafiya. In kan ya rabu biyu, ya lalace ke nan."

Ya ɗauki biyu, kowanne bai wuce gwiwa ba. Irin itacen nan ne mai rassa hawa-hawa, kore shar rani da damina, wanda yara ke kira itacen Kirsimeti. Wannan suna kaɗai ya ishe mu abin tsokana na shekara guda. Hamamatu mai wake da shinkafa, wadda ke kafa tukunyarta a bakin lungu, ita ce ta tare shi gaba da gaba.

"Baba, wannan abu ba ya 'ya'ya, ba ya inuwa, ba magani ba ne. Me za mu yi da shi?"

"Kallo," ya ce mata.

Dama da hagun ƙofa ya haƙa rami, ya haɗa baƙar ƙasa da yashi saboda ruwan Kumasi in ya kwanta yana ruɓar da saiwa. Har Anloga yake zuwa wajen kafintoci ya ɗauko garin katako a buhu, shi ma sai tsoho wanda ya yi baƙi, ya shimfiɗa a gindi ya bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen. Ya kewaye su da waya saboda tumaki. Faɗansa ɗaya a duniya shi ne da matan gida in sun watsa ruwan wanki a wurin. Da rani yana fitowa daga sallar asuba zai ba su ruwa, ina buɗe shago ina jiyo shi yana yi masu magana ƙasa-ƙasa. A da dariya abin yake ba ni. Daga baya ya koma ba ni tausayi, ko da yake tausayin bai taɓa sa na tsallaka titi na zauna kusa da shi ba.

Kusan kowace shekara sai sun ƙara hawa ɗaya. Cikin shekara goma sha biyu suka wuce rufin kwano, miƙe sambal.

A shekarar ne Hidaya ta samar masa kujerar Makka. Duk lungu aka hau murna, shi kuwa sai ya fara rama. Wa zai bar wa itatuwan? Har ya soma cewa ko a ɗaga sai baɗi, liman ya ja masa kunne. A ƙarshe ya damƙa su hannun Sanni, ɗan ƙanensa, makaniki a Suame, mutum mai amana da zafin nama. A gabana ya yi masa wasiyya. Damina ce, kada ya ƙara masu ruwa, sai dai ya riƙa yashe kwata. Sallar layya na tafe, kada kowa ya ɗaure rago a jikinsu. Ruwan sabulu haram. Ya faɗi komai, ya maimaita sau uku. Bai ce kada a taɓa kansu ba, don bai taɓa zaton akwai mai hankalin da ke buƙatar a gaya masa ba.

Sanni ya riƙe amana. Har dambe ya kusa yi da wani a kan rago.

To a Zango ba a dawowa daga Makka a shiga ɗaki shiru. Sai an yi wa gida fenti, an ɗinka fararen kaya, an toshe lungu da kanopi da kujeru. Ana jibi zai sauka masu kanopi suka zo suka auna. Lungun matsattse ne, rumfar ba ta shiga sai an kai ta jikin bango, itatuwan kuma sun fi rufinta tsawo nesa ba kusa ba. Aka tsaya cirko-cirko. Wani ya ce a kai taron bakin titi, aka ce ina, sabon Alhaji a ƙofar gidansa ake tarbarsa. Sanni ya ce ai ya sha ganin ana aske furanni a otal su ƙara cika, ya aro zarto. Ni na riƙe masa tsani, ya hau ya datse kan kowanne. Hamamatu ta ce kada a zubar da kawunan, aka ɗaure su da farin ƙyalle a ƙarafan da ke dama da hagun kujerar Alhaji. Wallahi mun ga sun yi kyau.

Da mota ta sauke shi a bakin lungu, mata na guɗa, ana ta salati, ya taho cikin farar jallabiya yana murmushi, idonsa na sama yana neman abin da ya saba hangowa daga nan. Na ga lokacin da murmushin ya tsaya. Aka riƙo hannunsa aka zaunar da shi tsakanin kawunan biyu. Ya miƙa hannu ya shafa tsinin ɗaya, wanda ya riga ya langaɓe.

Al'adarmu ce a yi layi a nemi addu'ar wanda ya dawo daga Ɗakin Allah. Sanni ne na farko. Ya durƙusa, fuskarsa fal farin ciki.

"Baba, ka gani? Ko rago ɗaya bai taɓa su ba. Kai ka yi aski a Makka, mu ma mun yi masu nasu a nan. Sun yi kyau sosai, ko?"

Baba Wahabu ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ɗora hannu a kansa, ya roƙa masa albarka da buɗi da zuri'a ta gari, muka amsa da amin. Mutum ya fi ɗari biyu a rumfar nan, hawayen da ke zubo masa kowa ya ɗauka na kewar Madina ne. Ni kaɗai na tuna abin da ya gaya mini ranar sayensu, sai dai na tuna a makare, kuma kunya ta hana ni shiga layin.

Bayan kwana uku aka kwashe kanopi. Itatuwan suka bayyana guntaye, samansu a shafe kamar teburi. Da safe na tarar Baba Wahabu ya kwance kawunan, ya kafa kowanne cikin bokitin ƙasa a inuwar bango, ganyen duk ya fara ja. Tsohon nan shekarunsa saba'in da huɗu. A karon farko na tsallaka titi na tsuguna kusa da shi.

"Alhaji, za su kama kuwa?"

"A'a," ya ce, bai ɗago ba. Ya gyara wa na biyun ƙasa, ya ci gaba da zuba masa ruwa a hankali.