Bidiyon da ya fitar da Baban Hafsa

Na shigo falo na tarar da maigidana ya zuba wa wata wasiƙa ido, shayinsa har ya huce. Daga hukumar haraji take, wai bai biya harajin babbar motarsa ba, ga tara.

Motar da ya sayar tun bara! Wani Alhaji ya zo daga Birmingham, suka yi ciniki a Salford, aka shafa fatiha. Ko layi ɗaya ba a rubuta ba.

Ya ce, "Maman Hafsa, da me zan nuna musu na sayar?"

Na ce, "Baban Hafsa, ka tuna ranar da ka ce in sauke wayar nan, na cika ɗauke-ɗauke?"

To ban sauke ba. Ga shi a bidiyo yana miƙa makulli, ga lambar mota, ga kwanan wata. Muka haɗa da takardar da Alhajin ya sa wa hannu, muka aika.

Jiya amsa ta zo, an soke tarar.

Yau da kansa ya gyara hula, wai in ɗauke shi riƙe da wasiƙar. Na ce wayata ta gaji.

Masu yi mana gorin ɗaukar hoto, ina jiran ku a comment.