Matakalar Kaka

Jiya na bi ta gaban wani kafinta a bakin kasuwa yana yanka katako. Ƙanshin garin katakon ya daki hancina, sai na tsinci kaina a gidanmu na Diffa, shekarar da mutanen bakin kogi suka watse saboda 'yan bindiga.

Shekarata goma sha ɗaya lokacin. Kaka, mahaifiyar Baba, ta iso mana daga ƙauyenmu na gaɓar kogin Komadugu a kan amalanke, daga ita sai tabarma da tukunya ɗaya. Baffa, ƙanin Baba, shi ya ɗora ta, ya ce ta yi gaba, zai kaɗo shanun noma ya biyo ta. Aka yi kwanaki, aka yi watanni, babu shi, wayarsa kuma ba ta shiga.

Gidanmu yana da matakalar katako mai hawa saman soro, inda ake shanya tattasai. Ta tsufa ƙwarai. Gara ta cinye cikinta, tsakiyar kowane mataki ya lotsa, ba ta kuma da abin dafawa. Mu yara mun san na huɗu ne mugun, tsallake shi muke yi. Kaka kuwa kullum da hantsi sai ta hau, tana dafe da bango, wai za ta juya tattasai. Tattasan bai cika tabarma biyu ba a shekarar. Kowa ya san hanya take zuwa kallo, babu dai mai faɗa.

Wata safiya mataki na huɗun ya ɓalle a ƙarƙashin ƙafarta, ƙaurinta ya ɗaye. Baba ya zauna yana wanke mata ciwon.

"Iya, hawa ya ƙare. Yau zan sa a cire ta."

"Cire abinka," in ji ta. "Maƙwabta suna da tsani."

A zaurenmu akwai wani dattijo daga tsallaken kogi, ɓangaren Najeriya, wanda Baba ya sauke shi da matarsa. Ba ya yawan magana. Da gudun hijira ya kama, buhun kayan aikinsa kawai ya iya ɗaukowa, ashe kafinta ne. Ya zo ya ƙwanƙwasa dogayen sandunan gefe, ya kasa kunne, sannan ya ce, "Maigida, ba sai an cire ba. Waɗannan da sauransu. Samo mini katako."

Kwana biyar ya yi yana aikin. Ya ɓamɓare tsofaffin matakan ɗaya bayan ɗaya, ya shafa wa sandunan baƙin mai saboda gara, ya yanka sababbi masu kauri. Duk wanda ya buga sai ya hau kansa ya yi tsalle kafin ya wuce na gaba. Kaka tana zaune a inuwa, ƙafarta a naɗe, suna hira da Barbarci. A kwanakin nan ne na fara jin dariyarsa. Daga ƙarshe ya kafa abin dafawa tun daga ƙasa har sama, ya yi ta gogarsa har ya yi sumul.

Bayan damina, wata rana da la'asar sakaliya, ina tankaɗe tare da Inna, mahaifiyata, a tsakar gida, muka ji Kaka ta ƙwala kira daga sama. Sunan Baffa take kira. Ta taho da gudu, tsohuwar da ko sauri ba ta yi. A tsakiyar matakala ta take gefen zanenta, ƙafafunta duka biyu suka zame. Inna ta saki rariya ta yi salati. Kaka ta cafki katakon dafawar nan da hannu biyu, nauyinta duka ya koma kansa, ko motsi bai yi ba. Ta sulale ta zauna tana haki.

A nan Baffa ya shigo ya same ta. Ya rame, ya yi baƙi, babu shanu, babu takalmi ma. Hanya ce ta rufe masa, ya ɓuya cikin masunta har ya samu ya zagayo. Ya durƙusa a matakin da ke ƙasa da ita, ta riƙe kansa tana shafawa.

"Ka ci abinci?" Abin da ta iya faɗa ke nan.

Inna tana kuka tana dariya, ni ma na rasa wanda zan yi. Da aka natsa, kafintan ya zo ya girgiza abin dafawar da ƙarfi, ya gyaɗa kai, ya koma zaure.

Kaka ta rasu shekara uku da suka wuce, a kan gadonta, Baffa na gefenta. Kafintan ya koma garinsu. Unguwarmu ta cika da gidajen siminti, matakalarsu duk ta ƙarfe ce. Tamu tana nan. Baƙi kan ce abin dafawar ya yi ƙasa da yawa, sai mutum ya ranƙwafa. Gaskiyarsu ce, da tsawon Kaka aka auna shi. Yayana ya taɓa cewa a ɗaga shi kaɗan, Baba ya ce duk mai tsawo ya sunkuya.