Hular da aka binne min a KL

Shekarun baya, ina masters a KL, babban birnin ƙasar Malay, aikina a lab shi ne auna ƙurar da aka kwaso daga Japan bayan hatsarin tashar nukiliyarsu. A cikin ƙurar akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, mu kuma muna auna yawan sinadaran nukiliya masu illa, cesium da strontium, da ke jikinsu. Cesium yana da surutu, na'ura na jin sa nan take. Strontium kuwa shiru yake, kuma in ya shiga jiki ƙashi yake nema ya zauna.

In za mu fita, hannu da takalmi kawai muke aunawa da wata mita a bakin ƙofa.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci, na ci kaftani da hula ina jin kaina. Na leƙa lab, za mu wuce mamak, wato gidan cin abinci, da abokina ɗan Malay. A bakin ƙofa ya ɗaga mitar saitin kaina, wai bari ya duba ko akwai ƙwaƙwalwa a ciki.

Mitar ta fara ƙas ƙas ƙas.

Dariyar ta tsaya. Ya janye, shiru. Ya mayar, ta ci gaba.

Ya ce, "Bro, kar ka taɓa. Kar ka motsa lah."

Supervisor ɗinmu ta cire hular da hantsaki. Ƙwaya ɗaya ce ta maƙale a cikin zaren ɗinkin. Rabona da shiga lab da hular nan tun waccan Juma'ar. Wato sati guda tana tare da mu a ɗakinmu na unguwar Wangsa Maju, a gefen filona. Abokin ɗakina ma ya are ta ya je walima.

Tambayar da ta rage, ko wata ta shiga cikinmu. Aka karɓi fitsarinmu, aka ce gwajin strontium sai an yi makonni. Abokin ɗakina ya daina min magana sai gaisuwa. Ni kuma ko gwiwata ce ta yi ƙara a sujada sai in ce strontium ne ya zauna a ƙashina. Mahaifiyata ta kira tana cewa muryata ta canza, na ce mura ce.

Sakamako ya fito, ba komai a jikinmu, Alhamdulillah.

Hular dai ba ta dawo ba. An rufe ta a gwangwanin darma a ƙasan ginin. Sai bayan kusan shekara talatin rabin ƙarfin abin zai tafi. Wani lokaci ina cikin go-slow a Abuja sai in tuna tana can cikin duhu, abin nan yana ta aikinsa, ba mai sauraro.