Malama Haulatu da Kwanon Kunun Gyaɗa

Ƙarfe bakwai na safe ba ta riskar Malama Haulatu a gida. Tana ƙaramin asibitin garinmu, nan ƙasar Dutsi, ta share baranda da kanta, ta duba kwalaben allura ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zauna jiran jama'a. Haka take shekara talatin da biyar. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa na ce bari in faɗi kaɗan daga abin da idonmu ya gani.

Duk wanda ya zo mata jiki ya yi ruɗu-ruɗu, tambayarta ɗaya ce: "Me ka ci?" Ta sha gaya mana cewa a farkon aikinta sai ta shekara ba ta ga babba da abinci ya tayar wa borin jini ba. Yanzu kuwa kaka ba ta wucewa ba a kawo mata magidanta biyu ko uku ba, wani fara ce, wani kifi, wani riɗi. Abin da mutum ya girma yana ci, rana ɗaya jiki ya ƙi shi.

Na yayana Ɗantsoho gyaɗa ce. Karon farko Malama ta yi masa allura, ta hana shi gyaɗa ɗungurungum, har ƙuli-ƙuli da yajin tsire. Ya kiyaye a ko'ina, ban da wuri ɗaya. Duk sanda ya je gaida surukarsa, Iya Nana, kunun gyaɗa take aiko masa da shi zaure. Kwano ya koma a cike, raini ne. Ya buɗe baki ya faɗa mata, kunya ba za ta bar shi ba. Sai ya kurɓa sau uku.

Ran nan da ya kurɓa, a kan babur aka kawo shi asibiti, leɓe ya kumbura, numfashi na sarƙewa, ko magana babu. Malama ba ta ruɗe ba. Ta tsira masa allura a cinya, ta sa shi a mota, ta bi shi har babban asibiti a Daura.

Da ya dawo hayyacinsa ta ce, "Ɗantsoho, kunya kake so ko rai?"

Ya ce, "Malama, ina zan iya ce mata ba na shan abin hannunta?"

"To ni ai ba surukata ba ce. In ka yarda, ni zan je."

Ya yarda. Da ta je, ta tarar tsegumi ya riga ya isar wa Iya.

"Haulatu, wai ni ce na zuba masa wani abu?"

"Iya, kununku lafiya lau yake. Jikinsa ne ya daina karɓar gyaɗa. In ya sake sha, ban ce zan iya tare shi ba."

"Ikon Allah! Shi da yake noma ta buhu-buhu? Shi ne ya kasa faɗa, zai bar min 'ya da marayu?"

"Kunyarku yake ji."

"Kai, wannan yaro! Ki ce masa daga yau fura ce. In ita ma jikin nasa ya yi mata yanga, ya maido min kwanona, ba zan yi fushi ba."

Malama Haulatu, ke ce kika gane cewa allura kaɗai ba za ta raba mutumin garinmu da wannan ciwo ba, sai an bi shi har zauren da yake jin nauyi. Ba a cikin aikinki yake ba, amma kika sa mayafi kika tafi. Mai sanyin hannu, mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku da za ku gaje ta, ku riƙa tambaya kamar yadda take yi. Mu kuma masu gida, in baƙo ya maido kwano bai taɓa ba, mu tambaye shi ko lafiya kafin mu ɓata rai. 'Ya'yan Ɗantsoho huɗu suna nan da ubansu.