Soket ɗin Butar Baba

Shekara arba'in da ɗaya Mai Agogo ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai yankan makulli da mai gyaran waya. Mutum ne mai taurin kai, irin wanda ko ya ɓata ba ya tambayar hanya. Yanzu ba a cika kawo masa aiki ba, kowa a waya yake duba lokaci, amma kullum sai ya buɗe shagon, ya goge gilashi, ya zauna yana kallon ƙafafun masu wucewa. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. 'Ya ɗaya gare shi, tana aikin jinya a wani gari mai nisa.

A zuwanta na ƙarshe ta kawo masa wani farin soket mai shiga intanet. Ta sa shi a bangon kicin, ta jona butar lantarki a jikinsa.

"Baba, duk safiyar da ka dafa ruwan shayi, alama za ta fito a wayata. Ranar da ban gani ba, a take zan kira ka."

"Wato ɗan sanda kika ajiye mini a kicin," in ji shi.

Ya yi ta mita, alhali abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Tun daga ranar, ko ba ya marmarin shayi sai ya kunna butar ƙarfe bakwai daidai, ya tsaya yana kallon 'yar fitilar soket ɗin har ruwa ya tafasa. Gidan shiru, ba mai ce masa ina kwana. Wannan ce gaisuwar da ta rage masa.

Wata safiya soket ya yi ƙauri, ya mutu. Bai gaya mata ba, wai kada ya ɗaga mata hankali. Ya je kasuwa ya sayo irinsa sak. Da ya juya tsohon sai ya ga takarda manne a bayansa, ɗauke da doguwar lamba. Nan sana'a ta motsa, domin a agogo lambar da ke bayan murfi ita ce shaida. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya ɗauki hantsaki, ya ɓanɓare takardar ba tare da ta yage ko kaɗan ba, ya manna ta a bayan sabon. Aiki ne mai tsabta, sai dai na banza.

Fitila ta kama, ruwa ya tafasa, 'yarsa ba ta kira ba. Ya ce shi ke nan, alama tana isa.

Kwana goma sha biyu yana haka, sai son yabo ya sa ya ba maƙwabcinsa mai gyaran waya labari. Mutumin ya fara dariya, can kuma ya gimtse.

"Baba, ai takardar nan kwafi ce kawai. Lambar gaske tana cikin ƙwaƙwalwar soket ɗin, tun a masana'anta aka dasa ta, ita yake faɗa in ya shiga intanet. Kamfanin manhajar da ke nuna alamar a wayar 'yarka kuma yana da tasa lambar daban, wadda ya ba tsohon ranar da aka yi masa rajista. Wannan sabon ba su ma san da shi ba."

"To sunan da 'yata ta sa masa a wayarta fa? Da idona na ga ta rubuta Butar Baba."

"Shi ne mai ɗorewa. Ko an canja soket, ko kamfani, ko hanyar da yake bi ya shiga intanet, ana iya ɗora sunan a kan sabo. Amma sai daga wayarta."

"Wato duk kwanakin nan..."

"Ba abin da ya je mata, Baba." Mai gyaran waya ya kawar da kai, ya hau gyara zaman wasu wayoyi da ba su buƙatar gyara. "Ba ni lambarta in kira, aikin minti biyar ne."

"Bar shi tukuna."

Ya koma shagonsa ya zauna. Ba soket ɗin ne ya dame shi ba. Kwana goma sha biyu butar Baba a mace, kuma ba wanda ya tambaya. Ya nema mata uzuri iri-iri, aikin asibiti ne, yara ne, ƙila wayar ce ta lalace, amma ko ɗaya bai sanyaya masa rai ba. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan yinin ba, ko a makon da aka binne matarsa. Ya ci gaba da kunna butar kowace safiya, da wayarsa a kan tebur kusa da kofi, yana jira ya ga ranar da za ta lura.

A rana ta ashirin ta kira, da tsakar rana. Muryarta a gajiye, hayaniyar asibiti a bayanta.

"Baba, ka yi haƙuri, aiki ne ya sha mini kai. Amma hankalina a kwance yake, kullum ina ganin alamarka. Ko yau ma ƙarfe bakwai na gan ta."

Mai Agogo ya san ba wata alama da ta je mata. Ya ji wani yana kwaɗa mata kira daga nesa, ita kuma tana cewa a ɗan jira ta, da babanta take magana. Tausayinta ya kama shi, da na kansa.

"To madalla," in ji shi. "Je ki, ana kiranki."